Darasi na Shida: Ɗinki da Saƙa, Daga Sha'awa Zuwa Sana'a

Yawancin masu ɗinki da saƙa don sha'awa suka fara. Wani maɓallin rigarsa ya dasa da kansa, wata hular jariri ta saƙa, wata kuma rigar matashin kai ta ɗinka. Ana nan sai wani ya gani ya yaba, ya ce, "A yi mini irin wannan mana. Nawa ne?" A nan ake yin tsuru-tsuru. Hannu ya iya aiki, amma ba a san abin da aikin ya ci ba, sai a faɗi kuɗin da ya zo baki. Karatu da lissafin da kuke koyo a wannan aji su ne maganin wannan matsala, domin kusan kowane kayan aikin ɗinki da saƙa akwai lamba a jikinsa, kuma kowace lamba da abin da take nufi.

Tef da awo

Ku ɗauko tef ɗin awo ku duba. Galibi fuska biyu gare shi. Fuska ɗaya inci ne, ɗayar santimita. Inci 1 daidai yake da santimita 2.54. Yadi 1 inci 36 ne, wato santimita 91 da 'yan kai, mita 1 kuwa santimita 100 ce. Ke nan mita ta ɗara yadi kaɗan. Ku zaɓi fuska ɗaya ku tsaya a kanta tun daga awon jiki har yanka. Wanda ya auna mutum da inci sannan ya yanka yadi da santimita, rigar 'yar tsana zai ɗinka.

In za ku auna mutum, kada ku matse tef, kada kuma ku sake shi ya yi lanƙwasa. A auna ƙirji, ƙugu, kafaɗa, tsawon hannu da tsawon riga, a rubuta kowanne nan take tare da sunan mai kaya. Kada ku ce za ku riƙe a ka.

Akwai abin da sababbin hannu ke yawan mantawa, wato rarar da ɗinki zai ci. Kowane gefen da za a haɗa sai an bar masa kamar santimita 1.5. Mu ɗauki misalin jakar yadi. A ce kuna son faɗinta ya zama santimita 30, tsawonta 35 bayan an gama. Faɗin da za ku yanka shi ne 30 a tara da 1.5 na dama da 1.5 na hagu, ya zama 33. Tsawon kuma 35 ne a tara da 1.5 na ƙasa da 3.5 na kalmasar baki, ya zama 40. Za ku yanka falle biyu masu 33 da 40. Idan faɗin yadin santimita 114 ne, kamar yadda yadin auduga da yawa yake, falle uku za su jeru a faɗinsa, layi biyu kuma su shiga cikin mita ɗaya. Falle shida ke nan, jaka uku, ga ragowar da za a yi hannayen jaka da ita. Wannan ɗan lissafi da kuka yi a takarda kafin ku taɓa almakashi shi zai gaya muku yawan yadin da za ku saya.

Yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, don haka a wanke shi a goge kafin a yanka. A kuma lura da tafiyar zarensa. Ku ja yadi ta tsawonsa, za ku ji bai miƙewa sosai. Ku ja shi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, za ku ji yana biyo hannu. Tufar da aka yanka a karkace ba da niyya ba takan murɗe a jiki, guga ba ta gyara ta. Almakashin yadi kuwa na yadi ne kawai. Ku ɓoye shi daga masu yankan takarda a gida, takarda na dakushe shi da wuri.

Keken ɗinki

Wani tela Bafaranshe mai suna Barthélemy Thimonnier ya yi rajistar keken ɗinkinsa a 1830, amma da zare ɗaya yake aiki, ɗinkin kan warware in an ja bakinsa. A Amurka, Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, mai aiki da zare biyu, sannan Isaac Singer ya fito da nasa a 1851, wanda sunansa ya bi duniya. Kekunan gida na yau a kan wannan dabara ta zare biyu suke. Zaren sama yana saukowa da allura, na ƙasa yana fitowa daga kwarkwaron da ke cikin ƙoshiya, su sarƙe da juna a tsakiyar yadi.

Sanin wannan zai rage muku zuwa wurin mai gyara. Ku ɗinka layi ɗaya a kan ƙyalle, ku juya bayansa. In kun ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa, yawanci laifin zaren sama ne: ko an zura shi ba daidai ba, ko ya yi sako-sako. Ku ɗaga ƙafar keke, wato ɗan ƙarfen da ke danne yadi a wurin allura, ku zare zaren gaba ɗaya, ku sake zurawa daga farko. In kuma zaren ƙasa ne ke leƙowa a sama, na saman ya cika tsauri, a ɗan sassauta shi. Keke na tsallake ɗinki? Ku fara zargin allura. Wataƙila ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko ba ta zauna daidai ba. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a samanta, ku duba inda tsohuwar ta fuskanta kafin ku cire ta.

A jikin kwalin allura za ku ga lambobi irin su 70/10, 80/12, 90/14, 100/16. Ƙaramar lamba siririyar allura ce, ta yadi mai laushi mara kauri. Babbar lamba ta yadi mai kauri ce irin jins. Lambar 80/12 ko 90/14 ta ishi yawancin yadin auduga. Tsawon taku kuma, wato tazarar da ke tsakanin sukar allura da ta gaba, milimita 2.5 ya dace da ɗinkin yau da kullum. A riƙa share burbushin zare a ƙarƙashin allura, a ɗiga man keke inda ya kamata. Man keke kawai, domin man girki yakan daskare ya riƙe ƙarafa.

Wanda ba shi da keke kada ya karaya. Kalmasa, faci, dasa maɓalli da adon zare duk da hannu ake yi, kuma gyaran tufa shi kansa sana'a ce mai ɗan jari.

Zaren saƙa

Saƙar hannu iri biyu ce ta fi yawa: ta ƙwarashi mai ƙugiya ɗaya, da ta kibiya biyu. Ta ƙwarashi ta fi saurin koyo, kuma in an yi kuskure warwarewa ba wuya, sai dai ta fi cin zare. Ta kibiya ta fi laushi da miƙewa, shi ya sa ta dace da safa da rigar sanyi. A ganina mai farawa ya kama ƙwarashi tukuna, da zare mai matsakaicin kauri kuma mai haske. Baƙin zare yana ɓoye idon saƙa, wato kowane ɗan madaukin zare da ake yi, mai koyo ba zai ga inda zai soka ba.

Kada ku yar da takardar da aka naɗe zare da ita. Tana ɗauke da nauyin ƙullin, galibi giram 50 ko 100, da tsawon zaren da mita, da girman ƙwarashi ko kibiyar da ta dace da milimita, da yadda ake wanki. Akwai kuma lambar launi da lambar rini. Ƙulli biyu na iya zama launi ɗaya a ido, amma in ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba, sai an gama bargo a shimfiɗa shi a rana a ga rabi ya fi rabi duhu. Don haka ku sayi zaren da zai gama aikin a lokaci ɗaya, ku tabbatar lambar rinin ɗaya ce.

Ba kowane zaren da ake kira ulu ne gashin tunkiya ba. Mafi yawa na roba ne, wanda ake kira akirilik. In takardar ta ɓace, ku yanki ɗan guntu, ku riƙe shi da hantsaki a kan faranti, ku kusantar da shi ga wuta da kula. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulun gaske yakan yi ƙaurin gashi. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Amfanin sanin wannan shi ne ku iya gaya wa mai saye yadda zai kula da kayansa. Ulun gaske yakan tsuke ya cure in an cuɗe shi a ruwan zafi, na roba kuma dutsen guga mai zafi na lalata shi. Abin riƙe tukunya mai zafi da zaren auduga ake saƙa shi, kada a kuskura a yi da na roba.

Hannun kowa daban ne, wani yana matse saƙa, wani yana sakewa. Saboda haka kafin babban aiki, a saƙa ɗan gwaji da ya ɗan wuce santimita 10 kowane gefe, a ɗora tef a ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10. A ce kun sami 20, wato ido 2 a kowace santimita. Kan yaron da za a yi wa hula ya auna santimita 50. Tunda saƙa na miƙewa, sai a rage ya koma 46 don ta kama kai. A ninka 46 sau 2, ido 92 ke nan za ku fara da su. Mutane da yawa na ƙyuyar wannan gwaji, su ne kuma ke warware aikin kwana uku.

Kayan jarirai suna da kasuwa, amma kada a sa musu duwatsun ado, ƙananan maɓallai ko doguwar igiya. Jariri na iya cirewa ya haɗiye, igiya kuma ta naɗe masa wuya.

Yanka farashi

Farashi ba daga baki yake fitowa ba, daga littafi yake fitowa. Ku sami littafin rubutu guda, kowane aiki da shafinsa. Abu na farko da za a rubuta shi ne kayan da aikin ya ci. In ƙullin zare giram 100 ne, hula ta ci giram 40, to ƙulli biyu za su ba ku hula biyar. Ku raba kuɗin ƙulli biyu gida biyar, kun sami kuɗin zaren hula ɗaya. Haka za ku yi da jakar ɗazu: kuɗin mita ɗaya a raba uku. Sai ƙananan abubuwan da ba a ganin tafiyarsu, irin su zaren keke, allura, zif, mai, wuta, kuɗin mota zuwa sayen kaya da ledar da za a sa aikin. Su ne ke cinye ribar mutane a ɓoye.

Sai lokacinku. Ku duba agogo in kun fara, ku duba in kun ajiye, ku rubuta. Ku yanke wa kanku ladan awa ɗaya, ku ninka da awoyin da aikin ya ci. Bayan an tara kuɗin kaya da ladan aiki, sannan a ɗora riba. Ladan aiki daban, riba daban. Ladan naku ne na gumi, riba kuwa ta sana'ar ce, da ita za a ƙara jari ko a gyara keke ranar da ya tsaya.

Wannan lissafi zai nuna muku wani abu mai ɗaci. Babban bargon ƙwarashi na iya cin makonni, kuma ba kowa zai yarda ya biya kuɗin wannan lokaci ba, tunda ga na kamfani da araha. Ƙananan kaya irin su hula, safar jariri, jakar hannu da rigar matashin kai sun fi saurin juya kuɗi. Babban aiki a bari sai wanda ya nema da kansa, kuma ya ba da kafin alƙalami da zai ishi sayen kaya. A rubuta abin da ya bayar, abin da ya rage, da ranar karɓa, a karanta masa ya ji. In kun san aikin zai ci kwana biyar, ku ce mako guda. An fi yafe wa tela tsada a kan saɓa alkawari.

'Yan'uwa da abokai su ne masu saye na farko, su ne kuma masu cewa "sai na kawo". In kun yi niyyar kyauta, ku ba da kyauta da zuciya ɗaya, ku rubuta ta a matsayin kyauta. In ciniki ne, a faɗi kuɗi tun kafin a yanka yadi. Kuɗin sana'a kuma a ware masa wurin ajiyarsa, kada ya haɗu da na cefane.

Masu tallata kaya ta waya su ɗauki hoto da hasken rana, a kan shimfiɗa mai launi ɗaya, su rubuta girman abin da santimita a ƙarƙashinsa. Aikin ma a wuri mai haske za a yi shi, a riƙa tashi ana miƙe baya da yatsu lokaci-lokaci.

Aikin gida

Ku ja layi a shafin farko na littafinku, ku raba shi gida biyar: kwanan wata, sunan aiki, kayan da ya ci, awoyin da ya ɗauka, da farashi. Sannan ku lissafa faɗi da tsawon fallen da za ku yanka don jaka mai faɗin santimita 25 da tsawon 30, da irin rarar da muka bari a misalin ɗazu. Masu saƙa kuma su yi ɗan gwajin santimita 10, su ƙirga idon, su rubuta. Ku zo da gwajin, da tef, da takardar jikin zarenku a zama na gaba, za mu karanta lambobin tare.