Ga ƙannenmu da suka zo karatun fim da aikin jarida a Saudiyya

Satina na uku a Jidda aka ba mu aikin gida: bidiyon minti biyu a kan rayuwar kasuwa. Na ɗauki kyamarar aro na nufi Balad, tsohuwar unguwar nan mai tagogin katako, na saita wani dattijo mai sayar da turaren wuta ba tare da na ce masa ko sannu ba. Ban kai ga daƙiƙa goma ba wani mai gadi ya dafa kafaɗata, ya ce, "Wen tasrih?" Wato ina takardar izini. Ba ni da ita, ban ma san ana nemanta ba. A gabansa na goge duk abin da na ɗauka, na koma ɗaki jiki a sanyaye.

Da wannan nake so ku fara, domin a Kano ko Damagaram mutum kan ɗaga waya a tsakiyar kasuwa, iyakaci a harare shi. A nan dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Mata da yara da gine-ginen gwamnati, kada ma ku kusanta. Duk aikin da zai fitar da ku wajen jami'a, ku je ofishin sashenku a rubuta muku wasiƙa mai hatimi, ku haɗa ta da igama, wato katin izinin zama a ƙasar, a aljihu. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa yana da nasa izinin daga hukumar sufurin jiragen sama. Haka talla a TikTok ko Snapchat: sai da lasisi, kuma igamar ɗalibi ba ta aiki ba ce.

Kada wannan ya sanyaya muku gwiwa, kun zo a kan gaɓa. Sama da shekara 30 ƙasar nan ba gidan sinima, sai a Afrilun 2018 aka buɗe na farko a Riyad. A 2020 aka kafa Hukumar Fina-finai ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, a Disambar 2021 kuma aka fara bikin fina-finan Red Sea a Jidda. Idan lokacinsa ya zo, ku nemi shiga ko da a matsayin masu aikin sa-kai ne. Ni a can na fara ganin yadda ake jera fitilu don hira ɗaya tal. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da ta Sarki Sa'ud da ta Imam Muhammad bin Sa'ud a Riyad duk suna koyar da aikin yaɗa labarai, Jami'ar Effat kuma ta yi suna a fannin fim.

Sai batun harshe. Larabcin da muka taho da shi daga Islamiyya yana ci a jarrabawa da rubutun labarai, har malamai kan yaba nahawunmu. Amma ranar da aka raba ku rukuni-rukuni, abokan aiki suka fara "esh tibga" da "dahin", sai ka ji kamar ba Larabci ba. Wanda ba ya jin hirar rukuni, riƙe sandar makirufo ake ba shi har a gama zango. Na riƙe ta zango biyu, na san zafinta a kafaɗa. Ku zauna da 'yan ƙasa wajen shan shayi, ku bari a yi muku dariya. Manhajojin tace hoto kuma da Turanci suke, don haka kada a yar da shi.

Kayan aiki: kada ku ƙarar da mukafa'ar wata uku, wato alawus ɗin da ake ba ɗalibai, kan kyamara. Ku fara tambayar ko sashe na ba da aro. Kwamfuta mai ƙarfi da ma'ajiyar bidiyo ta waje sun fi muku amfani, kuma ana samun na hannu a Haraj, kasuwar kayan gwanjo.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan'uwanmu mazauna nan. Za ku je Sharar Mansur a Makka cin tsire da fura, ku ji wata Hajiya da kakanta ya zo aikin Hajji da ƙafa ta hanyar Sudan tana Hausa mai gauraye da Larabci, zuciya ta ce ga fim ɗin kammala digiri. Gaskiya ne, labarin na nan, kuma ba wanda ya fi ku kusa da shi. Sai dai cikin jama'ar akwai waɗanda takardunsu ba su cika ba, fuska ɗaya a bidiyo na iya jawo wa gida guda kamu. Ku je sau uku ko huɗu hannu rabbana, ku gaisa, a san ɗan wane ne. Idan Hajiya ta ce, "Ɗan nan, ɗauki muryata ka bar fuskata," to ku ɗauki hannuwanta tana dama fura. Nawa fim ɗin da haka na gama shi, minti goma sha ɗaya ba fuska ko ɗaya.