Yadda za ka haɗa ƙungiyar hokin ƙanƙara ba tare da ka ƙone aljihu ba

Mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba ganin mai hannu da shuni yana kwashe gwanaye. A NHL, gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ba haka abin yake ba. Tun 2005 aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasa: dala miliyan 39 a lokacin, miliyan 88 a kakar 2024-25. Ko rijiyar mai gare ka, ba ka wuce nan. To in aka damƙa maka ƙungiya, ga shawarata.

Kafin ka taɓa kuɗi, lissafa mintuna. Wasa minti 60 ne. Mutum 20 ke sa riga, amma shida ne a fili: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Gudun kan ƙanƙara na cinye numfashi, shi ya sa duk bayan kusan daƙiƙa 45 za ka ga uku sun nufo benci suna haki, wasu uku sun tsallako katanga, wasa bai tsaya ba. Ɗan gaba komai gwanintarsa, minti 20 da 'yan kai yake yi. Sauran 40 ɗin wa zai riƙe maka su? In ka zuba masa dala miliyan 11, daga bakin waɗannan ka cire.

Sai ka waiwayi na gida. Yaron da ka zaɓo a zaɓen matasa na shekara-shekara, kwantiraginsa na farko yawanci shekara uku ne, ainihin albashinsa bai wuce wajen miliyan ɗaya ba. Nan ribar take. Tampa Bay Lightning ta ɗauki Steven Stamkos a 2008 da Victor Hedman a 2009 a sahun gaba, wannan kowa zai iya. Abin burgewa shi ne Nikita Kucherov, mutum na 58 a 2011, da Brayden Point, na 79 a 2014. Kowa ya gan su ya wuce. Kuɗin da za ka biya masu yawo garuruwa suna duba yara ba ya shiga ƙayyadadden albashi, don haka kada ka yi musu rowa.

Abu mafi wuya shi ne haƙuri ranar da aka kunyata ka. A 2019 Tampa ta ci wasa 62 a kaka, sai ga Columbus ta fitar da ita a zagayen farko na wasannin neman kofi, wasa huɗu a jere, ko ɗaya ba ta ci ba. Wani da ya watsa kowa. Manajan Tampa Julien BriseBois ya bar ginshiƙan a inda suke, ya tambayi kansa me ya rage. Amsar ita ce masu taurin kai da za su yi gumurzu a jikin katanga. A farkon 2020 ya kawo Blake Coleman da Barclay Goodrow, albashinsu a haɗe bai kai miliyan uku ba. An yi ta cewa ya yi wauta da ya ba da damarsa ta zagayen farko a zaɓen matasa a kan kowannensu. Kofin Stanley, na zakaran NHL, ya sauka Tampa a 2020, ya sake sauka a 2021.

Wato ka sayi abin da zai toshe ɓarakarka, ba sunan da zai cika jarida ba. Minnesota Wild ta ba Zach Parise da Ryan Suter dala miliyan 98 kowanne a 2012, na shekara 13. Ba su taɓa wuce zagaye na biyu na wasannin neman kofi ba, a 2021 aka biya su aka sallame su, ragowar lissafin ya ci gaba da cin kasafin ƙungiyar shekara da shekaru. Toronto kuwa ta ƙara John Tavares a 2018 a kan miliyan 77, alhali tana da gwanayen 'yan gaba Matthews da Marner da Nylander. A ganina ba laifin Tavares ba ne, ɗan wasa ne na gaske, sai dai 'yan gaba huɗu sun lashe kusan rabin kasafi, baya kuma na neman agaji.

Kada ka ce na hana ka taɓa gwani. Florida Panthers ta kawo Matthew Tkachuk a 2022, ta ci kofi a 2024 da 2025. Amma duba yadda aka yi: shekararsa 24, tashensa ke nan, kuma ya tarar da Aleksander Barkov da Aaron Ekblad, waɗanda ƙungiyar ta yi rainonsu tun 2013 da 2014.

Don haka duk wanda dillali ya kawo maka, ɗauki takarda ka rubuta shekarunsa na ranar da kwantiragin zai ƙare. A ƙasa ka jera yaranka da nasu kwantiragin zai ƙare nan da shekara biyu, da ƙarin da kowanne zai nema. In lissafin ya nuna sai ka saki biyu daga cikinsu kafin baƙon ya samu wuri, ka ce wa dillalin ka gode.