Ƙara wa tsohuwar tarakta ƙarfi don gasar jan kaya

Salam 'yan uwa, masu tambaya kan gasar nan ta Amurka da ake ɗaura wa tsofaffin taraktoci kaya mai nauyi a ga wacce za ta ja shi da nisa, ga shawarata.

Ɗauki Farmall M misali, wacce aka fara ƙerawa a 1939, silinda huɗu ce mai shan fetur. Kar ka fara da buɗe kafireta kana ɗura mata mai, hayaƙi kawai za ta yi maka. Fara auna kwamfireshin, wato matsin iska, na kowace silinda tukuna, in ringi ya ci ko bawul na zubar da iska to duk abin da ka saka asarar kuɗi ne wallahi. In wannan ya daidaita sai a zo kan fistin masu faɗi da tudu a kai, a ɗan kankare tof silinda, a gyara taimin, amma fa in matsi ya ƙaru dole fetur mai kyau, in ba haka ba inji ya dinga ƙwanƙwasa har fistin ya huje. Lagireto ma a wanke shi don zafi zai ƙaru.

Kuma karanta dokar gasar kafin ka kashe ko sisi, da yawansu suna ƙayyade gudun inji da nauyin tarakta, gwamna, wato na'urar da ke ƙayyade gudun inji, in ka matsa ta wuce iyaka cire ka za su yi.

Sai taya. Rage mata iska kaɗan, ka raba ƙarafan nauyi da ake rataya wa tarakta yadda gaba zai ɗan ɗaga kawai, in tayar baya na ƙwacewa a ƙasa ƙarfin dokin nan bai amfane ka da komai ba.