Kurakuran da ke sa a yi asarar fayiloli a kwamfuta, da gyaransu

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya ce ai ya ajiye kwafi a D, wato sashen ajiya na biyu a kwamfutar bayan C, don haka hankalinsa kwance. A yawancin kwamfutocin hannu, C da D faifai ɗaya ne aka raba gida biyu. Ranar da faifan ya mutu, tare za su tafi. Amfanin D kawai shi ne idan za a goge C a sake ɗora Windows. Don ka tabbatar, danna maɓallin Windows da X, ka buɗe Disk Management. In ka ga C da D a layi ɗaya ƙarƙashin Disk 0, to ba ka da kwafin ajiya. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, 1 daga ciki kuma a wani wuri daban.

Sai batun filashi, wanda ɗalibai da yawa ke ɗora wa projek ɗinsu kacokan. Illarsa biyu ce. Ta farko, akwai na jabu: a jikinsa an rubuta gigabait 64, kwamfuta ma haka za ta nuna, alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, sunayen fayiloli na nan, amma ka buɗe ka tarar sun lalace. Kafin ka amince da sabon filashi, gwada shi da manhajar H2testw, wadda kyauta ce. Takan cika shi da bayanai, ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Ta biyu, filashin da ke zagaya shagunan buga takardu yakan kwaso bairos ɗin da ke ɓoye folda ya bar gunkinta kawai. Kada ka yi gaggawar goge filashin, galibi kayan na nan. Fara wanke shi da manhajar kashe bairos, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (ka sa harafin filashinka a madadin E). Mafi sauƙi dai, ka ware filashi ɗaya na zuwa shago, kada ya zama ma'ajiya.

Wanda ya sayi faifan waje, wato wanda ake jonawa da kebul, ya yi dabara, amma sau da yawa sai ka gan shi cikin jaka ɗaya da kwamfutar. Ɓarawo ba ya tsayawa zaɓe. Wasu kuma kullum faifan na jone, ta yadda bairos mai kulle fayiloli ko wutar da ta dawo da ƙarfi za su haɗa da shi. A jona, a kwafa, a cire ta hanyar Eject, a adana. A Sakkwato kuwa zafin Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, cikin motar da aka kulle a rana ya fi haka nesa, ga ƙurar hunturu. Faifan ya zauna a akwati mai murfi, a ɗaki mai inuwa, kuma kada a motsa shi yana aiki, domin a cikinsa akwai faranti mai juyawa, sau da yawa zagaye 5,400 a minti.

Ma'ajiyun intanet irin su Google Drive da OneDrive suna da kyau don kwafi na uku. Na farko yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ake rabawa da Gmail da hotuna, na biyu gigabait 5. Inda ake tuntuɓe shi ne idan foldar tana daidaita kanta da kwamfuta: abin da ka goge nan, can ma ya gogu. A Google Drive yakan zauna a kwandon shara kwana 30, daga nan shi ke nan. Saboda tsadar data, takardu da muhimman hotuna sun isa a ɗora, bidiyon biki ya tafi faifan waje. Kuma layin wayar da aka buɗe asusun da shi ya kasance yana hannunka, don da shi za ka dawo da asusun in ka manta kalmar sirri.

Filashin da ya ƙi karɓar fayil mai girma alhali da fili, tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Kwashe kayan ciki, ka mayar da shi exFAT ta hanyar Format, wanda ke goge komai. Wajen kwashewa a yi Copy, ba Cut ba, sai an tabbatar sannan a goge na asali.

Tsofaffin fayiloli da za a jibge na shekaru, kamar hoton takardun fili ko littattafan shago, ba a barin su a filashi, don cajin da ke riƙe bayanan yana raguwa idan ya daɗe a ajiye. A sa musu suna da kwanan wata, shekara a gaba, misali 2023-11-05 rasit, sai su jeru da kansu. Rubutun Larabci ko ajami a ajiye shi har da PDF, saboda wata kwamfutar ba ta da irin harufan. In ka kulle ZIP da kalmar sirri, rubuta ta a takarda, haka ma lambobi 48 na BitLocker, makullin faifai na Windows, idan faifanka a kulle yake, don in babu su mai gyara ba abin da zai iya.

Duk wata, ɗauki fayil 5 daga kwafin ajiyar, tsoho da sabo, ka buɗe su a wata kwamfutar daban. In ɗaya ya ƙi buɗewa, sake kwafin a ranar, a kan wani faifan.