Kafin ka mayar da waƙar Suwidin metal

Jama'a, duk mai son ɗauko waƙar folk pop (waƙar zamani mai salon gargajiya) ta harshen Suwidin ya mayar da ita metal (kiɗan rock mai nauyi da ƙarar jitar lantarki), ya fara ƙirga bugunta kafin ya taɓa jita. Da yawan irin waɗannan waƙoƙi daga rawar gargajiya ta polska suka samo asali, bugu uku-uku suke tafiya, kuma a wasu yankuna ukun ba tsawonsu ɗaya ba, ana ɗan jan na farko ko na biyu. In ka ɗora mata ganga mai bugu huɗu, ka kashe ta. Bar ta a 3/4 ɗinta, wato bugu uku-ukun nan.

Karin da goge ko nyckelharpa (gogen Suwidin mai maɓallai) ke ɗauka, raba shi ga jita biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadda makaɗan metal na birnin Gothenburg suka saba. Boss HM-2 kuwa, akwatin sauya sautin jita, wanda in an murɗa maɓallansa har ƙarshe yake ba da ƙarar zarto irin ta makaɗan metal na birnin Stockholm, ajiye shi wa jitar rakiya kawai. Cinye kari yake, ban ga amfaninsa a jitocin da ke ɗauke da karin ba.

Kada ka fassara kalmomin waƙar. Suwidanci yana da karin sauti kamar Hausa: "anden" agwagwa ce ko ruhu, ya danganta da yadda ka ɗaga murya. Gurnani, irin muryar da mawaƙan metal ke yi, yana shafe wannan, don haka rera amshi da murya tsantsa, ka bar gurnanin wa baitoci.

In mawallafin yana raye, ko bai cika shekara 70 da rasuwa ba, nemi izinin masu haƙƙin waƙar kafin ka saki naka.