Yadda nake gyara sautin tsohon kaset na wasan da wuta ta ɓata

Cikin baƙar leda kaset ɗin ya zo mini, an naɗe shi da tsohon hankici. Wani dattijo ne daga Mabera ya kawo shi shagona, ya ce wasan bikin ƙanensa ne tun zamanin soja, lokacin da aka gayyato wasu Buzaye masu jitar lantarki daga Nijar, suka shigo ta Illela. A faɗarsa, daren nan sau biyu ana ɗauke wuta, aka koma kan janareta, makirufo na ta kuka, amfilifaya guda kuma ta mutu ana tsakiyar kiɗa.

"Ɗana, so nika yi jikokina su ji shi cikin waya."

Na ce, "To Baba, a ba ni mako guda." Sai da ya ci mini mako biyu. Ga yadda nake bi da irin wannan aiki, ga wanda yake da kaset irinsa a ƙasan akwati.

Kada ka yi gaggawar saka shi a rikoda. Ɗaga shi ka duba ta 'yar tagar nan: zaren ya naɗu sumul, ko ya yi tudu da kwari? Akwai farin abu kamar gari a jikinsa? Sannan leƙa ƙasa, inda zaren yake wucewa, ka ga ko ɗan soson da ke danna shi a kan hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta sautin zaren, yana nan. Zafin Sakkwato na watan Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, yana busar da gam ɗin soson ya faɗi, kuma in babu shi sautin zai riƙa zuwa yana komawa. Na Baba ya faɗi. Na kwance sukurorin wani kaset marar amfani na mayar da zaren cikin gidansa. Daga nan sai ka tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi baya sau ɗaya, don ya saki jiki.

Rikodar ma tana son wanka. Auduga a tsinke da sinadarin isofurofil, ka goge hed da ɗan ƙarfen da ke jan zare, robar da ke matse shi kuma ka goge ta a hankali. Ƙurar hunturu da ta kwana cikin rikoda ta isa ta dushe maka kowane sauti.

Akwai wani ɗan sukuru a gefen hed da mutane da yawa ba su san amfaninsa ba, shi ke daidaita karkatarsa. Rikodar da ta ɗauki wasan shekaru da yawa da suka wuce ba lalle karkatar hed ɗinta ta zo ɗaya da taka ba. Sa hedfon, kunna kaset, ka haɗe ɓangaren dama da hagu su zama ɗaya, sannan ka juya sukurun kaɗan-kaɗan, dama, hagu, kana sauraron tafi da tsinin jita. Akwai inda za ka ji kamar an yaye bargo daga kan lasifika. Tsaya nan. Abin da wannan juyin na minti biyu zai ba ka, babu manhajar da za ta dawo maka da shi daga baya, ko nawa ka saye ta.

Sai kwafa zuwa kwamfuta. Ni manhajar Audacity nake amfani da ita, kyauta ce. Ɗauki sautin a fayil na WAV, 24-bit, 48 kHz, ka rage ƙarfin shigarsa yadda wuri mafi ƙara ba zai wuce -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti ba. Cire cajar kwamfutar ta yi aiki da batir, don caja na shigo da nata ƙugin. Ka bar kaset ya tafi tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa, har da wuraren da kake ganin shirme ne. In ya gama, ajiye wannan fayil wuri biyu, ka sa masa suna "asali", kada ka sake taɓa shi. Duk gyara a kan kwafinsa za ka yi.

Wannan mataki ko manya yana ba su wuya. Wasannin da mawaƙan Ingila The Beatles suka yi a dandalin Hollywood Bowl na Amurka a 1964 da 1965, a na'ura mai layi uku aka ɗauke su, ihun 'yan kallo ya danne kiɗan, a daren 29 ga Agusta 1965 ma makirufon ɗaya daga cikinsu, Paul McCartney, bai yi aiki ba a waƙoƙin farko. Da furodusansu George Martin ya zo fitar da su a 1977, tsohuwar na'urar da aka samo don kunna zaren zafi take ɗauka, sai da aka riƙa hura mata iska kafin a gama kwafa. Ni fanka nake kunna wa tawa.

Yanzu ƙugi. Wutar Najeriya 50 Hz take, wato tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka "huuum" ɗin da kake ji yana zaune a 50, 'ya'yansa kuma a 100, 150, 200, haka. A Amurka 60 ne, don haka kada ka kwafi lambar da ka gani a bidiyon wani Ba'amurke. Da farko tantance ƙugin na wa ne: tsayar da kaset, in yana nan, na wayoyinka ne, ka gyara su ka sake kwafa. In ya ɗauke, to na daren wasan ne. Shi za ka sa wa Notch Filter, abin yanke amo guda a Audacity, ka matse bakinsa sosai, domin a jitar bes akwai sautin da ke zaune a 49 Hz, maƙwabcin ƙugin bango da bango. In ka buɗe yankan da faɗi, duk sanda mai jita ya taka wurin sai ka ji rami.

Na janareta ya fi taurin kai. Injin in an ɗora masa kaya sai ya sassauta, in an sauke ya zabura, ƙugin na hawa da sauka tare da shi. A kaset ɗin Baba ina iya gane lokacin da aka kunna fitilun fili, don nan take layin ƙugin ya sunkuya. Maganinsa haƙuri: juya kallon sautin zuwa hoton nan mai launi da ke nuna kowane amo a matsayinsa, ka yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lambarta. Kwana uku na yi a nan kawai.

Ƙugin yana da rana ɗaya. In ka tabbata ɓangaren an ɗauke shi da wutar layi amma ƙugin ya nuna 51.5, to alama ce kaset na gudu fiye da ƙima da kusan kashi 3 cikin ɗari, sai ka rage gudun. Kaset na tafiyar santimita 4.76 ne a daƙiƙa, amma rikodar da batirinta ya yi sanyi ba ta san wannan ba. Da na janareta kam kada ka auna, zai yi maka ƙarya.

Kukan makirufo ya fi sauƙi. A hoton mai launi zai fito kamar an ja layi da rula. Zaɓi daƙiƙun da yake ciki kaɗai, ka yanke wannan amon, ka wuce. Inda sauti ya fashe don an cika wa mikisa wuta, Clip Fix na Audacity na ɗan rage kaifin, amma kada ka sa rai da yawa, wanda ya ƙone ya ƙone. Ƙas-ƙas na wayar da ta saki kuwa, da hannu nake binsu ɗaya-ɗaya, manyan kawai.

A kan ƙas-ƙas ɗin nan akwai labarin da nake so. Mawaƙan The Who sun ɗauki wasansu a Jami'ar Leeds ta Ingila ranar 14 ga Fabrairu 1970, ƙas-ƙas ya shiga cikin ɗaukar, suka fitar da faifan haka nan, har suka rubuta a jikinsa cewa kada a gyara. Sai a fitowar 1995 aka share shi. Washegarin Leeds sun yi wasa a garin Hull, can kuma bes ɗin makaɗinsu John Entwistle bai shiga zare ba a waƙoƙin farko, aka jingine ɗaukar shekara arba'in. A 2010 aka ciro bes na daren Leeds aka ɗinka a gurbin, kuma ba a ɓoye wa mai saye ba. Wannan na ƙarshen nake riƙewa: in ka yi faci, rubuta cewa ka yi, da minti kaza zuwa minti kaza.

Su bes ɗinsu layinsa daban, mu da kaset ba mu da wannan gatan, don komai a cakuɗe yake wuri guda. Akwai dai manhajojin da ke raba murya daban, ganga daban, bes daban. Irin wannan dabara ce ta ba Giles Martin, ɗan George Martin, damar rage ihun Hollywood Bowl a fitowar 2016. Na gwada su a kan aikin Baba don in ɗaga muryar mawaƙin kaɗan, ta yi. Amma kalangu ya rikita su, rabi su kai shi wajen ganga, rabi wajen bes, ya fito kamar ana kaɗa shi cikin randa. Na ɗauki muryar kawai na ɗora ta sama-sama kan asalin.

Inda ake yawan ɓarna shi ne wajen cire "shuuu" na kaset. Noise Reduction ta Audacity na neman ka nuna mata wurin da babu komai sai shuuu ɗin, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka tabbata babu surutun jama'a ko tafi a ciki. Fara da 6 dB. Akwai zaɓin da ke jiyar da kai abin da ake cirewa kaɗai, danna shi ka saurara: in ka ji jita ko murya a ciki, kana yanka nama ne, rage. Gara a bar ɗan shuuu da a mai da mawaƙi kamar mai magana daga cikin rijiya.

Kuskurena a wannan aiki ba na inji ba ne. Rikodar da ta ɗauki wasan da batir take, don haka da aka ɗauke wuta ta ci gaba da ɗauka. Kusan minti huɗu babu jita, sai hayaniya, wani na kiran a kawo tocila, mai kalangu ya ci gaba shi kaɗai, can wata mata ta rangaɗa guɗa. Na ga ɓata lokaci ne, na datse wurin, na haɗa bakin waƙa da waƙa har ina yaba wa kaina. Baba ya zo, ya zauna kan benci ya saurara shiru, sai ya ɗago.

"Ina wurin da anka ɗauke wuta?"

Na ce na cire, don ba kiɗa.

"Nan na innarmu tay yi guɗa, Allah shi jiƙanta. Maido min shi."

Fayil ɗin "asali" ne ya fisshe ni kunya. Tun ranar, kafin in datse ko daƙiƙa goma, sai na kira mai kaya na kunna masa.

Sauran aikin gajere ne. Daidaita ƙarfi tsakanin ɓangaren wutar layi da na janareta da hannu, kada ka matse sautin duka ya zama ɗaya, ka bar ƙololuwarsa a -1 dB. Saurara a hedfon, a lasifikar waya, da cikin mota, don a waya jikokin za su ji. Fitar da WAV na ajiya da MP3 na turawa a WhatsApp. In kuma YouTube kake nufi, nemi yardar makaɗan ko magadansu tukuna, wasan bikinku ne amma waƙar tasu ce.

Kaset ɗin kansa ka mayar wa mai shi, ka gaya masa ya ajiye shi a tsaye cikin 'yar robar da ake saka kaset, nesa da bayan lasifika saboda maganaɗisu, kuma kada ya bar shi cikin mota da rana. Baba ya amsa da to, ya sake naɗe shi cikin hankicin nan ya jefa aljihun babbar riga.