Babi na Shida: Hoton Ƙyalle da Katin Barka da Sallah

Darasi na 1: Kayan aiki

'Yan uwa, ku tara kayan nan gaba ɗaya a kan faifai ko tire kafin ku zauna. Idan kun tashi neman almakashi a tsakiyar aiki, kafin ku dawo yaro ya ɗauke allura.

Abu na farko shi ne ƙyallen. Ba atamfa ba ce, ba shadda ba. Ƙyalle ne mai kauri, mai laushi, irin wanda ake yin jar dara da shi. A shagon kayan tela ko na kayan makaranta ku ce a ba ku felt, haka masu shago suka san shi. Mu a nan za mu riƙa ce masa ƙyallen dara. Ba saƙa shi ake yi ba. Gashi ne ake dannewa har ya cuɗe ya kama juna, shi ya sa in kun yanka shi bakinsa ba ya zarewa, ba kwa bukatar kalmasa. Akwai na ulu, akwai na roba. Na roba ya fi araha, kuma ya isa a koyi aiki da shi, amma kada ku ɗora masa dutsen guga mai zafi, narkewa yake yi.

Ku sayi kala uku: shuɗi mai duhu, fari, da rawaya. Sai allura mai faɗin kafa, zaren surfani, almakashi mai kaifi, alli, fensir, rula, gam, da kwali fari mai ɗan kauri. Kafar allura ita ce ramin nan da zare yake shiga. Na faɗa ne don an sha tambayata.

Darasi na 2: Zane da yanka

Hotonmu na farko jinjirin wata ne da tauraro a sararin sama. Na san akwai masu son su fara da dagi. Ku yi haƙuri, dagi yana da layuka masu hawa kan juna, sai hannu ya zauna.

Ku ɗauki rula. Lambobin da ke gefen da aka rubuta cm su ne santimita. Ku fara awo daga 0, ba daga 1 ba. Ku yanko shuɗin ƙyalle mai faɗin santimita 8, tsawon santimita 12. Wannan shi ne sama.

Kada ku zana wata kai tsaye a jikin ƙyalle. Ku ɗora bakin ƙaramin kofi a kan takarda, ku zagaye shi da fensir. Ku ɗan matsar da kofin gefe, ku sake zagayewa. Siririn lanƙwasan da ya fita tsakanin layukan biyu shi ne watanku. Ku yanke shi, ku ɗora a kan farin ƙyalle, ku bi gefensa da fensir, sannan ku yanka. Tauraro ma ku fara zana shi a takarda, ku yanke, sannan ku fitar da shi haka a rawayan ƙyalle. Gefen da fensir ya taɓa shi ne baya, ku kifa shi ƙasa. A kan shuɗi mai duhu fensir ba ya fita, alli ake sa wa.

Wajen yanka, ƙyallen za ku riƙa juyawa, almakashi ya tsaya wuri ɗaya.

Darasi na 3: Zare da ɗinki

Wannan darasin ku karanta shi sau biyu. In karatun yana yi muku wuya, ku sa wani ya karanta muku kuna riƙe da allura.

Zaren surfani sili shida ne aka murɗe wuri ɗaya. Ba ma ɗinki da duka shidan, sili biyu muke so. Ku yanko kamu ɗaya, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu. Kada ya wuce haka, dogon zare sarƙewa yake. Ku riƙe bakin zaren da yatsu biyu, ku zaro sili ɗaya ta sama. Ku sake zaro wani. Ɗaya bayan ɗaya. Sai ku haɗa biyun, ku zura a kafar allura, ku ƙulle ɗaya bakin.

Ku ɗora wata a kan shuɗin ƙyalle. Kada ku sa gam tukuna, gam yana kama allura ya hana ta wucewa. Ku danne watan da babban yatsa. Allura ta fito daga baya zuwa gaba, kusa da bakin watan, don ƙullin ya ɓuya a baya. Sai ta sake nutsewa a gaba kaɗan. Tsawon kowane ɗinki kamar ƙwayar shinkafa. Ta fito, ta nutse, ta fito, ta nutse, har ku zagaye watan.

Yanzu ga wurin da kusan kowa yake faɗuwa. Kada ku ja zare da ƙarfi. Ku ja a hankali. Da zaren ya kwanta a jikin ƙyalle, ku tsaya. Ya kwanta, ku tsaya. Ba sai kun ƙara fizga don ku tabbatar ba.

Ga dalili. Yadin da aka saƙa, in an ja shi, yana iya komawa yadda yake. Ƙyallen dara ba ya komawa. In kun matse shi ya tattare, ya tattare ke nan, sai in kun sassauta zaren. In kun ƙara ja, zaren ya yanka bakin watan ya fice. Masu ɗinkin hula da masu surfanin riga su ne suka fi shan wahala a nan, don hannunsu ya saba da ɗaure zare tamau. Babu laifi, sabo ne. Amma a wannan aiki ku sassauta hannu.

Bayan kowane ɗinki biyar, ku ajiye aikin a kan faifai ku ɗauke hannu. Ku duba. Ya kwanta shimfiɗe? Madalla, ku ci gaba. Gefensa ya ɗaga, ko tsakiyarsa ta yi tudu? Kun ja da yawa. Ku sa tsinin allura a ƙarƙashin ɗinkin ƙarshe, ku ɗaga shi kaɗan, ku koma na bayansa, har ƙyallen ya saki jiki. Sannan ku ci gaba, kuna ja a hankali. Ɗinki biyar, ku ajiye, ku duba.

Kada ranku ya ɓaci in na farko ya tattare. Hannun da ya iya tuƙa tuwo da saƙa faifai ba zai gagara wannan ba. Ku warware, ku sake.

Amma zan faɗi gaskiya. Akwai waɗanda ake nuna musu a aji, su ce to Malama, su koma gida su fizgi zare son ransu, mako mai zuwa su kawo wata a dunƙule su ce ƙyallen ne ba shi da kyau. Ƙyallen lafiyarsa ƙalau. Sauri kuka yi, ko kuna ɗinki kuna hira. Kuɗi kuka sa kuka sayi kayan nan. Zare ya kwanta, ku tsaya. Sau nawa za a faɗa?

In zare ya kusa ƙarewa, ku bar abin da ya kai tsawon yatsa. Ku juya baya, ku zura allura ƙarƙashin ɗinki biyu, ku ƙulle, ku yanke. Ƙullin ma kada ku matse shi har ya ja gaban hoton. Ku ɗinke tauraro kamar yadda kuka yi wa wata.

Darasi na 4: Ƙananan taurari

Da farin zare za ku yi su. Allura ta fito gaba. Ku naɗa mata zare sau biyu. Ku mai da tsininta dab da inda ta fito, ba cikin ramin ba, in ba haka ba ƙullin zai bi ta ya koma baya. Ku ja a hankali. Ku warwatsa guda bakwai ko takwas a sama.

Darasi na 5: Kati

Ku raba kwali mai girman takardar A4, wato irin wadda ake fotokwafi da ita, gida biyu, ku ninka rabi ɗaya. Zai ba ku kati mai santimita 10.5 da 14.8, hotonku zai zauna a tsakiya. Ku fara rubuta Barka da Sallah a ciki, da fensir, sannan ku bi da biro. Ku duba: Sallah tana da l biyu. Sai ku shafa gam kaɗan a bayan hoton, a gefe-gefe kawai, don in ya yi yawa yana ɓullowa gaba ya bar tabo. Ku manna, ku ɗora littafi mai nauyi a kai ya kwana.

Darasi na 6: Wasu hotuna

Na suna, ku yi fure. Na biki, fure biyu. Ɗinkin ɗaya ne. Ku zo da naku aji ranar darasi na gaba, tare da sauran zaren.